Warin Baragurbi a Hanyar Yamai

Abin da na fara gani da muka iso bakin Yamai sirdin raƙumi ne. An jingine shi jikin wata bukkar tabarma, an lulluɓe shi da tsumma don kada rana ta fasa fatar, kuma iyakar ganina babu raƙumi ko ɗaya. Mai shi yana zaune a gefe, rawani ya rufe masa baki, yana kallon motoci. Bayan bukkarsa akwai wata, bayan wannan ma akwai wata, har inda idona ya gaza. Na so in nuna wa Baba, amma hankalinsa yana kan wani wari da ya biyo mu tun hantsi. Bari in faro muku daga tashinmu, ƴan ajinmu, tunda kun ce in ba ku labari, kun kuma san bakina ba ya buɗewa a gaban mutane.

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, mu uku: Baba, da ni, da wani tela maƙwabcinmu da zai je neman aiki, don a unguwarmu babu mai ɗinka sabon kaya bana. Motar Baba kun san ta, ƴar kunkurun nan shuɗiya mai inji a baya. Sayar da ita za a je yi. Tun da dabbobin ƙauyenmu suka ƙare, dangin Baba suka taho gidanmu. Zaure ya cika, har ɗakin girki akwai masu kwana, tukunyar da Inna ke ɗorawa sau biyu ta koma sau ɗaya. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a unguwar Bukoki a Yamai, ta aiko cewa akwai wani Alhaji ɗan Damagaram mai hatsi a sito, yana neman ƙaramar mota, kuma da buhuna zai biya.

Ni an ce mini hutu zan je. Amma na ga Inna ta ɗaure mini har da rigar sanyi da kwanon cin abincina, alhali muna cikin bazara. Ana saka kaya na ji tana ce wa Baba a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa: "In an sayar, ka dawo mini da yarinyar nan. In ba a sayar ba, ka bar ta wurin yayarka, ko baki ɗaya ne ya ragu." Baba ya ce to. Na shiga baya na zauna ta dama, na yi kamar ban ji ba. Daga nan na san cewa komawata gida da lakwal, makarantarmu, tana rataye a jikin motar nan.

Baba yana son motarsa. Tun kafin mu fita gari ya fara yi wa tela kirarinta. Ya ce ita ce motar shekarar fari, ba ta shan ruwa kamar sauran motoci, iska ce ke sanyaya injinta. Ya ce a dubi fitilunta ma, kwanan nan haskensu ya ƙaru, kamar ta san rabuwa za a yi. Bai rufe baki ba fitilar hagu ta mutu. Tela ya ce, "Malam, ka yaba ta har ta ji kunya ta rufe ido ɗaya."

Da gari ya waye dariya ta ƙare. Ban taɓa ganin ƙasa haka ba. Gonaki fayau, ko kara babu, an sassare rassan gawo an ba dabbobi har itatuwan sun koma kamar turaku. Shanu sun mutu a gefen gudron, wato kwalta, wasu a tsugune kamar hutawa suke, fata ta manne wa ƙashi. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi idan mota ta zo. A wani wuri na ga mata suna haƙa gidan tururuwa, suna sheƙe ƙasar a faifai. Na tambayi Baba me suke nema. Ya ce, "Hatsin da tururuwa ta ɓoye." A bakin hanya ana sayar da abin da ban taɓa gani a kasuwa ba: turmi da taɓarya na gida, tukwane masu baƙin hayaƙi, har da ƙyauren ɗaki.

Warin ya soma bayan mun wuce Madawa. Wari ne irin na baragurbi, ƙwan nan da kaza ta tashi ta bari. Muka ce mushe ne, muka ɗaga gilashi. Ya ƙaru. Muka sauke. Muka shiga wani fili mai tsawo inda babu mushe ko ɗaya, warin yana nan. Tela ya juyo ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Ni dai jiya ban ci wake ba. Ban san sauran jama'a ba."

Baba ya ce, "Ka bar mini uwata ta huta." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ja mayafi na rufe fuska. Abin da ban faɗa ba shi ne, kujerar da nake kai ta ɗauki ɗumi, kuma idan Baba ya sassauta gudu ina jin wata ƙaramar tsuwwa daga ƙasa, irin ta tukunya kafin ta tafasa. Amma ku gaya mini, wace yarinya ce za ta buɗe baki a gaban ubanta da baƙon namiji ta ce wari daga ƙarƙashinta yake fitowa? Na ce a raina zafin inji ne, tunda a bayana yake.

A Ƙonni muka tsaya. Baba ya sha mai irin na kwalba da ake shigowa da shi daga Nijeriya, don ya fi na gidan mai sauƙi. Muka nemi abinci, muka tarar nama ya fi tuwo araha. Tsire tuli guda, ramamme, ba kitse ko ɗigo, malmalar tuwo kuwa ba ta kai tafin hannuna ba, mai sayarwa tana rufe ta da faifai kamar zinariya. Baba ya zaga bayan mota, ya durƙusa da babbar rigarsa ya shinshina salansa, ya tashi yana tari. Tunda warin ta baya ya fi ƙarfi, shi da tela suka yanke cewa daga hayaƙi ne. Tela ya ce man kwalba ne. Baba ya ce ai tun kafin a zuba shi ake warin. Tela ya ce to mota ta hango shi ne tun daga nesa.

Shingayen sojoji ban ƙirga su ba. A kowane sai a fito da katin shaida, tela kuma sai ya haɗiye surutunsa tun daga nesa, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar ɗan aji ɗaya. A na Doso wani soja ya zuro kai ta taga, ya janye da sauri, ya riƙe hanci.

"Me kuka ɗauko? Naman mushe za ku kai Yamai ku sayar?"

Baba ya rantse. Sojan ya ce a buɗe masa wurin kaya, ya nufi baya da kansa, ya ɗaga murfi, ya yi arba da inji. Babu wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗar tela tana rawa. Aka buɗe gaba, aka kwance ƙunshina, kwanon cin abincina ya gangara kan gudron yana ƙara. Sojan ya ɗauko shi, ya goge da hannun rigarsa, ya miƙo mini. Leɓunansa sun tsattsage kamar na kowa. Ya ce wa Baba, "Ku tafi da warinku."

Mun shiga Bukoki rana tana faɗuwa, tela ya sauka a bakin wani lungu ya yi mana sallama. Unguwa ce a cushe, gida na jingine da gida, Hausa da Zabarmanci suna tashi ta kowace katanga. Gwaggo ta tarbe mu a ƙofa. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta direba ne, yana can arewa da kayan agaji. Ta rungume ni, ta ce, "Ɗiyata, kin yi tsawo kin bar jiki a Maraɗi." Ta juya ga Baba: "Auta, me ka kashe a cikin motar nan?" Baba da furfurarsa, ana ce masa Auta! Ta ba mu kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli irin na mutanen nan. A ɗakinta na ga ta shimfiɗa ƙaramin gado da sabon zane, a ƙarƙashinsa akwai takalmin roba ja daidai ƙafata.

Da safe ina ninke zanen da na yi tafiya da shi, sai na ga ƙananan huji a bakinsa ta baya, wajen da ke sauka gefen kujera, kamar gara ta ci. Na taɓa wurin, ya yage a hannuna. Zanen sallata ne. Na tura shi can ƙasan ƙunshi.

Alhaji ya zo da hantsi, dogo, mai ƴar ƙaramar murya. Ya zaga motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfenta, ya ce a zaga da shi. Da suka tafi lafiya lau, don ta kwana ta huce. Da suka dawo ya fito yana fifita da hularsa.

"Malam, iyalina zan riƙa ɗauka a ciki. In na kai musu wannan sai su ce na raina su. Ka gyara ta. Gobe kamiyona na dakon hatsi zai tafi Damagaram, ta Maraɗi zai bi. In mun daidaita yau, buhunanka su bi shi. In ba mu daidaita ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Zan dawo bayan la'asar."

Muka tafi unguwar Yantala wurin wani makanike Bazabarme da maƙwabta suka yaba. Gwaggo ta ce in bi Baba in riƙe masa gorar ruwa. Garejin gindin wata bishiya ne da tarin ƙarafa. Baba ya ce masa fofo, gaisuwar Zabarmawa, ya ce wari ne daga salansa. Makaniken bai yi musu ba. Ya kwance salansar, ya bubbuga, ya leƙa cikinta ko ɓera ya mutu, ya ƙona ta da wuta, ya mayar. Ya tsiyaye man Ƙonni duka, aka sayo na gidan mai. Ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina kallon Baba yana zaro kuɗin da na san na guzurin komawa ne. Sa'an nan makaniken ya ce a zaga a gwada, shi a gaba, ni a wurina na baya.

Ta Gaweye muka bi, bakin kogin da ya ratsa Yamai. A lakwal an koya mana cewa kogin nan shi ne uban ruwan ƙasarmu, ni kuma na ɗauka zan ga abin da ba shi da iyaka. Abin da na gani yashi ne. Ruwan ya tsuke ya koma tsakiya, jirage na kwance a kan busasshiyar laka, masu wanki sun bi shi can ciki, mutane suna ratsa wani sashe da ƙafa, ruwa iya gwiwa, ga gada a samansu tsayi guda. Makaniken ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga haka ba. Kafin mu bar bakin kogin, warin ya dawo, har ya fi na jiya. Ta madubi na ga idon Baba, na kau da kai.

Muka koma Bukoki da makaniken, ya ce bari inji ya huce ya sake dubawa. Gwaggo ta ji bayani, ta tafa hannu.

"Ku maza ba ku san wari ba. Ɗakin mai jego ma ana gyara shi, balle gwangwani. Auta, buɗe mini ƙofofin nan."

Ta shiga gida ta fito da kasko cike da garwashi, ta barbaɗa turaren wutarta mai tsada, wanda take ɓoyo don biki. Ta ce za ta ajiye shi a ƙasa gaban kujerar baya, a rufe gilasai, kafin la'asar Alhaji zai ɗauka ɗakin amarya ya shiga. Na tsaya ina kallonta. Matar da ta saya mini takalmi ta shimfiɗa mini gado, ita ce take ƙona turarenta don a sayar da motar a tafi da ni. Ta sunkuya ta dama, daidai wurina. Tsoro ya kama ni kada zafi ya haɗu da zafi kujerar ta kama. Ban san lokacin da murya ta fita ba.

"Gwaggo, kar ki sa a nan. Wurin da zafi tuni. Yana tsuwwa."

Makaniken da ke wanke hannu ya ɗago. "Me ke tsuwwa?"

Na nuna ƙarƙashin kujera. Na ce tun jiya. Na ce har ya ci mini zane.

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi tsalle irin nasa ba. Ya fizge kaskon daga hannun Gwaggo, ya ruga da shi har tsallaken lungu, garwashi yana zuba, yana ihu da Zabarmanci. Ya dawo ya kore mu baya, ya ɗaga kujerar a hankali. Ashe a nan batir yake zaune. Ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana, ruwan cikinsa yana tafasa yana tofowa, ya jiƙa gefen kujera, farin gari ya taru a kan wayoyin. Warin da ya taso sai da ya sa maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Hajiya," in ji makaniken, "iskar da ke fita daga nan, ko ƙyastu ta gani sai ta tashi. Da kin rufe garwashin nan a ciki, da batir ya fashe a fuskarki."

Gwaggo ta zauna a ƙasa inda take. Baba ya dube ni, ya dubi kujerar da na yini a kanta tun daga Maraɗi, ya ce, "Innalillahi." Ya sake cewa. Ya ɗora hannunsa a kaina.

"Uwata, me ya hana ki faɗa?"

Na ce kunya. Gwaggo ta ce, "Kunyar da za ta gasa mutum da ransa, Allah ya raba mu da ita." Makaniken ya ce shi ma da laifinsa, an ce masa salansa ya bi salansa, bai tambayi mai zaman baya ba.

Ya yi mana bayani. Akwai wata ƴar akwatin ƙarfe da ke tsayar da wutar da inji ke tura wa batir idan ya ƙoshi. Ta lalace, wuta ta yi ta shiga ba tsayawa, har ruwan batir ya dahu. Shi ne warin baragurbin, shi ne kuma ya ƙara wa fitilu haske har ɗaya ta ƙone. Ya tambayi Baba yaushe rabon da ya duba ruwan batir. Baba ya ce ai motar ba ta shan ruwa. Makaniken ya ce inji ne ba ya sha, batir yana sha, kuma ba na rijiya ba, sai tatacce na farmasi ko ruwan sama.

Gwaggo daga zaune ta ce, "Ruwan sama? To ai sai ka ce a sayar da motar baɗi."

Ya ari mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin maƙwabci, ya tafi, ya dawo da wata akwatin da batir na hannu ɗaure a baya. Ya nemi kanwa. Gwaggo ta jiƙa masa ta miya, ya zuba inda ruwan batir ya ɓata, wurin ya yi ta kumfa, ya wanke ya goge. Aka fitar da kujerar aka shanya a tsakar gida, a nan ne Gwaggo ta samu ta turara ta son ranta.

Alhaji ya iso ya tarar da mota ba kujera. Baba ya gaya masa kome, bai rage ba, har tsohon batir ya nuna masa. Alhaji ya ce a mayar a gwada, kuma yarinyar nan ta zauna inda ta saba. Muka yi tafiya mai nisa, har bayan gari. Can sai ya juyo.

"Ɗiya, da zafi?"

"A'a."

"Ban ji ba."

"Babu zafi, Alhaji!"

"Tsuwwa fa?"

Na kasa kunne sosai, don na san abin da ke kan amsar. Babu kome sai ƙarar inji. Na ce babu. Da muka tsaya ya zaga baya ya shinshina salansa da kansa, ya ce hayaƙi ne kawai irin na kowa. Ya rage buhu ɗaya saboda batir na hannu ne. Baba bai ja ba. Da aka miƙa makulli, Baba ya shafa ƙusumbin motar sau ɗaya, ya shige gida da sauri.

Da safe na tarar Gwaggo ta riga ta ɗaure mini kaya. Ta sa rigar sanyin, ta sa kwanon, ta sa jan takalmin a sama. Ƙaramin gadon ta jingine shi da bango. A tasha ta yi ta yi wa Baba faɗa a kan hularsa da ta karkace, ba ta dube ni ba sai da kamiyo ya motsa.

Dawowa a gaban kamiyo muka zauna kusa da direba, hatsinmu a baya. A kowane shinge sai an soki buhu an duba, kuma duk inda ƙwaya ta zuba, kafin mu tashi akwai mai tsince ta. Mun iso Maraɗi washegari da hantsi. Inna ta fito, ba ta dubi buhunan ba, ni ta fara lalubawa. Ranar an ɗora tukunya sau biyu.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Inda wari ya fi ƙarfi ba lalle nan ne tushensa ba. Wanda ke zaune a kan abu ya fi kowa saninsa, kuma shirunsa yana iya kashe wani. Na kuma ga cewa yunwar gidanmu ƙarama ce a kan wadda ke bakin hanya.

Jiya da yamma na sami Baba a zaure yana gyara tsohon kekensa, wanda zai riƙa zuwa aiki da shi yanzu. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago.

"Uwata, akwai magana?"

Na ce, "Baba, in Allah ya sa an yi ruwa bana, ka mai da ni wurin Gwaggo in yi mata babban hutu. Ina so in je gidanta lokacin da akwai abinci a namu."